Tsinken da Na Kafa a Bayan Duwatsun Abuja

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da na kafa tsinken tsire a bakin wata korama a bayan duwatsun Abuja. Shekaru sun ja, yarinyar da abin ya faru a kanta har ta fi ni tsawo yanzu, amma in na rufe ido ina jin ƙarar ruwan nan kamar jiya aka yi. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, a aji huɗu na tsaya, saboda haka yadda zan faɗa da baki haka zan sa shi a takarda.

An haife ni a wani ƙauye tsakanin Bagudo da iyakar Benin. Ƙasarmu shimfiɗe take, fadama ce da gonakin shinkafa da gero, in ka hau kan rumbu sai ka hangi garin maƙwabta. A bayan gidajenmu akwai korama da ke gangarowa daga wajen Benin, ƙasar da tsofaffinmu har gobe Dahome suke ce mata. A nan muke wanki. Koramar nan ba ta da amana da damina. Sai a yi ruwa can cikin Dahome, mu kuwa rana na dukanmu, babu ko gajimare, kafin ka ankara ruwa ya iso ya kwashe kwanoni da zannuwa, wani lokaci har da akuya.

Saboda haka kakata ta kafa mana doka. Kafin mace ta tsoma tufa a ruwa, sai ta karyo kara ta kafa shi daidai inda ruwa ya haɗu da rairayi, ta yi masa tsaga da farce kamar gaɓar yatsa biyu daga ƙasa. Tana wanki tana waiwayensa. Da zarar ruwa ya taɓa tsagar, babu sauran magana, sai kwashe kaya da yara. Takan ce, "Ruwan Dahome ba shi sallama. Sama ta iya yi maki ƙarya, kara ba shi yi." Mun sha ranƙwashi a kan karan nan har ya zame mana jiki. Ni dai ko bakin gulbi na je, hannuna da kansa yake neman abin kafawa.

Da aka kai ni gidan miji a cikin garin Bagudo, ba a daɗe ba aka gane halina. Ni mai fargaba ce, ba zan ɓoye ba. In yaro ya yi tari sau biyu na fara tunanin asibiti. In maigidana ya hau babur zuwa Kamba cin kasuwa, ba na iya cin abinci sai na ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Dangin mijina suka laƙaba mini Magajiyar Tsoro, sunan ya bi ni har yara ƙanana suna faɗa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ɗiyata ta fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, musamman a gaban surukai. Wadda ta yi haka an ce ba ta da kunya. Tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta take kwana. In zan aike ta sai in ce "ke" ko "wagga yarinya". In ta faɗi ta ƙuje gwiwa, sai in kau da kai ina tsaki. Ga tsoro cike da ciki, ga kunya ta ɗaure baki. Haka muka yi shekara bakwai, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba.

A daminar shekarar ne aka sa bikin ƙanwar maigidana, wadda ta tashi a Abuja a hannun babbar yayarsu. Ita wannan yayar, Yaya muke ce mata duka gidan, ma'aikaciya ce mai ilimi, maganarta ba a tsallake ta. Maigidana bai samu zuwa ba saboda aikin shinkafa, sai aka ce in bi matan gida, da goyona ɗan wata takwas, da ita yarinyar.

Tun asuba muka kama hanya. Muka wuce Yawuri, muka wuce Kwantagora, ƙasa ta fara canza mini. Bayan Minna sai tuddai suka fara tasowa, kore shar, wasu da bishiyoyi har ƙoli. Da muka wuce Suleja da la'asar sai na hangi wani baƙin abu ya tokare sama a gabanmu. Na ce wa direba, "Malam, a rufe gilashi, ga hadari nan ya taso." Motar nan ta kaure da dariya. Wata gwaggon maigidana tana share hawaye ta ce, "Magajiya, wanga ba hadari ba ne, Dutsen Zuma ne. Shi ne a jikin naira ɗari." Na zuba ido ina kallo. Dutse guda ɗaya, sumul, kamar an kifa ƙwarya a tsakiyar ƙasa, da wasu ramuka a jikinsa kamar idanu da baki. Na yi ta salati a zuci har muka bar shi a baya. Yarinyar kuwa ta manna goshi a gilashi, ta ce in an tsaya ita sai ta hau shi. Na ce wa gwaggo, "Ku ce ma wagga yarinya ta zauna."

An yi biki lafiya, an kai amarya, matan gida suka koma. Yaya ta ce mu mu ƙara kwana biyu, ba za a ce matar ƙanenta ta zo Abuja ta koma ba ta ga komai ba sai tukwanen biki. Ranar Asabar mijinta, Alhaji, ya kwashe mu a mota, ni da ita da 'ya'yansu huɗu da nawa biyu.

Alhaji mutum ne mai son bayani, yana tuƙi yana nuni da hannu. Ya nuna mana babban masallaci da ƙubbarsa mai ruwan zinariya. Ya nuna mana Dutsen Aso, ya ce a gindinsa masu mulkin ƙasar nan suke zaune. Ya ce sunan Abuja ma daga Suleja aka aro shi, ita ce tsohuwar mai sunan. Ni abin da ya ɗauke mini hankali shi ne duk inda titi ya juya, ƙarshensa dutse ne. Garin kamar an ajiye shi a cikin akushi, duwatsu sun kewaye shi, wasu gajimare na zaune a kansu kamar rawani. Kuma kowane dutse da baƙaƙen zane a jikinsa daga sama zuwa ƙasa, irin sawun da ruwa ke bari a jikin randa.

Na daure na yi tambaya. Na ce, "Alhaji, in an yi ruwa bisa duwatsun ga, ina yake zuwa? Mu can ƙasa ke fara sha sai ta ƙoshi. Dutse kuwa ba shi shan ruwa."

Ya yi dariya ya ce, "Gangarowa yake yi mana. Bari in kai ki ki ga inda ake tara shi."

Yaya ta waiwayo ta ce, "Magajiya ke nan. An kawo ki kallo, ke kina neman abin da za ki ji ma tsoro."

Ya kai mu wajen Bwari, muka hangi madatsar ruwan da birnin ke sha, kwance tsakanin tuddai kamar madubi. Daga nan muka shiga wani ƙauyen Gwarawa masu ginin tukwane. Nan na ga abin da ya burge ni fiye da dogayen benaye. Matan ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, ko itace ne ko ƙwarya cike da doya. Muka tarar da wata tsohuwa tana gina tulu. Tulun na zaune wuri ɗaya, ita ce ke zagaya shi, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, yumɓu na tashi a hankali kamar mai rai. Hausarta garau. Na gaishe ta na ce, "Iya, mi ya sa ba ku aza kaya bisa kai?" Ta ce, "'Yata, kai shi ke ɗauke da tunanin mutum duka. Ya isa haka, ba a ƙara masa itace." Ta nuna mana wani dutse a bayan gari, ta ce a can sama kakanninsu suka zauna zamanin yaƙe-yaƙe, har yau ramukan da suke niƙa a ciki suna nan a jikin dutsen.

Alhaji ya tambaye ta wata korama da ya ji ana faɗa, mai zubowa daga kan dutse. Ta nuna mana 'yar hanya ta cikin gonakin doya, ta ce, "Ba nisa. Amma damina ce, kada ku daɗe."

Wurin kam ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Ruwa na zubowa daga tsayin da ya kai soro biyu, fari fat, yana faɗawa cikin wani ɗan kwari tsakanin duwatsu, daga nan ya bazu ya rabu biyu ya kewaye wani falalen dutse mai faɗi a tsakiya. Ruwan da ke tsakanin gaɓa da falalen bai wuce idon sawu ba, garai-garai, kana ganin tsakuwa a ƙasa. Sama tas, rana na haskawa. Muka shimfiɗa darduma a kan rairayi, aka buɗe sauran kayan biki, dambun nama da cincin da alkaki, da tsiren da Alhaji ya saya a hanya. Yara suka ci suka tuɓe takalma suka tsallaka kan falalen, su biyar. Tawa ce a gaba, 'yar gulbi, har da koya wa 'yan birni yadda ake kama ƙananan kifi da tafin hannu.

Ban san lokacin da na yi ba. Na gama cin tsire, hannuna ya kai tsinken bakin ruwa, na kafa shi daidai inda ruwa ya haɗu da rairayi, na yi masa tsaga da farce. Yaya ta gan ni. Ta ce, "Mi kike shukawa nan kuma? Tsire za shi tsiro?" Na yi 'yar dariya na ce sabo ne. Ta girgiza kai, suka hau wani dutse ita da Alhaji suna ɗaukar hoto da waya.

Na zauna ina ba goyona nono, ina satar kallon yarinyar, ina waiwayen tsinke. Da na duba na farko, ruwa ya ɗan kewaye gindinsa. Na ce a raina ƙila yaran ne ke kaɗa ruwan. Da na sake dubawa, ya hau rabin hanya zuwa tsagar. Na ɗaga ido na dubi ruwan da ke zubowa. Farinsa ya fara dushewa, ya koma kamar ruwan wankin gero. Sai ga busasshen ganye ya wuce ta gabana, sai ga wani, sai ɗan reshe, sai kumfa mai datti. Ganyen nan ba na wurin ba ne, daga sama aka kwaso su. Na tsoma hannu, ruwan ya ƙara sanyi. Can bayan dutsen, ta wani ɗan tsagi tsakanin tuddai biyu, na hangi gefen sama ya yi baƙi kaɗan, ba zai fi faɗin faifai ba.

Na goya yarona na hau wajen Yaya, na rage murya na ce, "Yaya, a ce ma yaran su fito. Ruwa na ƙaruwa."

Ta dubi sama ta dube ni. "Wane ruwa? Dubi rana fa. Magajiya, don Allah ki bar yaran ga su sha iska. Sau nawa suke fita?"

Alhaji ya ce wayarsa ma ta nuna babu ruwa sai dare. Yaya ta ƙara da cewa, cikin wasa amma ta ɗan kafe ni da ido, "Ko ɗiyar fari ce ake ji ma tsoro? Ashe kunyar ta ƙare."

Na sauko daga kan dutsen. Wace ce ni, mai aji huɗu, da zan yi gardama da mutanen da suka shekara ashirin a garin, da wayarsu mai sanin ruwa? In na tayar da hankalin kowa babu abin da ya faru, labarin zai riga ni isa Bagudo, a ce Magajiya ta je Abuja ta zubar da kunya a kan ɗiyar fari saboda ganyen bishiya. Na tsaya a bakin ruwa ina wannan saƙe-saƙen, sai na dubi tsinke. Babu tsaga. Ruwa ya shanye ta, ya wuce ta da kusan yatsa guda. A koramarmu, abin da ruwa ke hawa a lokacin wanke zane uku, nan ya hau shi kafin in je in dawo. Sai tambayar da na yi a mota ta dawo mini. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba a can sama yana tafe gaba ɗaya, kuma hanyarsa ke nan.

Na ɗaga murya na ce, "Ku yara, ku fito!" Ƙarar ruwa ta haɗiye maganar. Na ce, "Ke! Ke wagga yarinya!" Ko waiwaye. Ta ba ni baya, tana can ƙarshen falalen a durƙushe, sauran sun kewaye ta. Kowace yarinya a duniya "ke" ce, wa zai juyo?

Sai na buɗe baki na kira sunanta. Na kira shi da dukan ƙarfin da Allah ya ba ni, har duwatsun suka maimaita.

Ta miƙe zumbur kamar an tsikare ta da allura. Ta juyo ta tsaya tana kallona, baki buɗe. Ta san muryata, ta san sunanta, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Na ce, "Kamo hannun ƙaramin, ku taho yanzu!" Ba ta tambayi dalili ba. Da kakarta ce ta kira, na san sai ta ce bari ta kama kifi ɗaya. Amma wannan kira ya gaya mata abin ba na wasa ba ne. Ta fizgi hannun autan Yaya, ɗan shekara uku, ta yi wa sauran tsawa, suka biyo ta.

Kafin su iso bakin falalen, ruwan da ɗazu yake idon sawu ya kai gwiwata, ya yi ja, yana ja da ƙarfi. Na kwance goyo na miƙa wa Yaya, wadda ta riga ta sauko a guje, mayafinta a hannu. Na fizgi mayafin, na ba Alhaji gefe ɗaya na ce, "Riƙe, kada ka shigo, ka kafa ƙafa ga dutsen nan." Ban taɓa ba babban mutum umarni ba sai ranar, shi kuma ya riƙe. Na shiga da ɗaya gefen, ina jan ƙafa a ƙasa ba na ɗagawa, yadda ake ƙetare koramarmu, na ba ruwan gefen jikina. Na hau falalen na naɗe mayafin a hannu na ja shi ya miƙe. Na ce manyan uku su bi shi ɗaya bayan ɗaya, ta gefen da ruwa ke fitowa, don in ya ture su ya ture su kan mayafin. Suna kuka suna tafiya, Alhaji na cafke su yana turawa bayansa.

Saura autan da tawa. Ruwa ya kai cinyata. Ba zan iya ɗaukar biyu ba. Na dube ta, ta dube ni, ta ce, "Inna, ɗauke shi, ni na iya." Na saɓa yaron a kafaɗa, na ce ta riƙe zanena ta baya da hannu biyu, ko mi ya faru kada ta saki. Muka shiga. A tsakiya wani reshe ya bugi ƙafata na tangaɗa, na ji ta ƙara damƙe zanen, ruwa har ƙirjinta. Alhaji ya jawo mayafin da mu gaba ɗaya. Muna taka rairayi na ce, "Sama! Ku hau sama, ku bar kayan!"

Mun hau dutsen da suke ɗaukar hoto ke nan muka ji shi. Wani irin ruri kamar manyan motoci goma sun taho tare. Ruwan da ke zubowa ya ninka kansa, ja wur, da itatuwa a ciki. Muna kallo falalen da yaran ke wasa ya ɓace. Darduma ta tafi, kular abinci ta tafi, takalman yara biyar suka bi ruwa suna juyawa. Har lokacin rana na haskawa a kanmu, ko ɗigo bai sauka ba.

Yaya ta zauna daɓas a kan dutse, goyona a ƙirjinta, tana ƙirga yaran da yatsa, ta gama ta sake farawa.

Sai ga tsohuwar nan mai tulu da wasu mata uku sun ɓullo ta cikin gonar doya a guje, hannuwanta duk yumɓu. Ashe sun ji rurin daga gari, suka tuna da mu. Ta ƙirga mu da ido, ta dafa ƙirji ta ce, "Wa ya gaya muku ku fito?"

Alhaji ya nuna ni. Yaya ta ce, "Tsinke ta kafa, Iya. Tsinken tsire. Ni ina yi mata dariya."

Tsohuwar ta sa na faɗa mata yadda ake yi. Ta gyaɗa kai ta ce su ma suna da wani dutse a sama da gari da suke dubawa, in ruwa ya rufe wuyansa ba mai barin yaro ya sauka, amma baƙo ba zai san shi ba. Ta ce, "Ke kin zo da naki dutsen a hannu." Sai ta lura har lokacin autan Yaya na kan kafaɗata, ya ƙanƙame mini wuya, na manta ban sauke shi ba. Ta yi dariya ta ce wa matan, "Kun gani? Yini ɗaya ta yi a garinmu har ta koyi ɗaukar kaya." Dariyar nan ce ta kwance mu duka. Da za mu tafi ta ɗauko wani ɗan tulu mai zanen ƙadangare a jiki ta ba ni. Alhaji ya sa hannu a aljihu, ta harare shi ya mayar.

A mota yara duk ba takalmi, an lulluɓe su da abin da ya samu. Mun yi nisa sai Yaya ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Matar ƙanena, ki yafe mani." Na ce, "Haba Yaya, ba komai." Ta ce, "Da komai. Yau kin haifa mani ɗiya huɗu."

Yarinyar na zaune a gefena. Can ta matso, ta kawo bakinta kusa da kunnena ta ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Na juya fuska wajen gilashi, daidai muna wuce wani dogon dutse, na yi kamar shi nake kallo. Na lalubo hannunta a ƙarƙashin mayafi na riƙe, ban saki ba har gida.

Labari kam ya riga ni isa Bagudo, kamar yadda na yi tsoro, sai dai ba irin wanda na zata ba. Yaya ta buga waya ta faɗa wa kowa, har da maganar sunan, ba ta rage ba. Na shiga gaishe da surukata kaina a ƙasa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "An ce kin kira sunan ɗiya har duwatsu sun amsa." Ta ce, "To madalla da kika aje shi shekara bakwai. Da kullum kike kira, da ba ta juyo ba." Da na je ƙauyenmu na ba kakata labari, lokacin idonta ya riga ya tafi, ba ta yabe ni ba ko kaɗan. Cewa ta yi, "Ruwa ya wuce tsaga da yatsa guda kina tsaye? Da kusa nike da kin sha ranƙwashi." Amma na ga tana murmushi, har ta sa aka kira maƙwabta na sake faɗa daga farko.

Har yau ana ce mini Magajiyar Tsoro, sai dai yanzu in na ce a duba abu, ana dubawa. Ɗan tulun yana nan a ɗakina. Sunan yarinyar kuwa na mayar da shi inda yake, ban sake kira ba, ga shi ko a nan ban rubuta ba. Ita da ni mun san yana nan.

Na ga Zuma, na ga Aso, na ga garin da aka gina a tsakiyar duwatsu, kuma ina gaya wa duk wanda ya samu hali ya je ya ga ikon Allah, ƙasarmu na da abin kallo. Amma abin da na dawo da shi ya fi kallo. Na gane abin da tsohuwa ta koya maka a bayan gida ilimi ne, ko da babu shi a takarda, kuma yana aiki har a inda ba a san sunan ƙauyenku ba. Na gane tsoron da ke sa mutum ya buɗe ido ba abin kunya ba ne. Kunya ado ce, ina riƙe da tawa har gobe, amma ranar da ruwa ya taɓa tsaga, a ajiye ta a gaɓa a buɗe baki.